Karsanar Inna Verla da Kujerar Wakili

Tilden Grove, Iowa
11 ga Disamba

Zuwa ga Kawu Merle,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata ƙashin ƙugun yana haɗewa, kuma ma'aikatan gidan jinyar ba su gaji da kai ba tukuna. Ni lafiya lau, shanu ma lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji tara na tsaya. Na kira tarhon ɗakinka, matar da ta ɗauka ta ce ka ce ba ka magana a cikin abin da gwamnati ke saurare. Ni na san kunnen ne ba ya ji, amma ban gaya mata ba. To ga wasiƙa. Sai dai ita ma, Kawu, ma'aikacin gwamnati ne zai kawo maka ita.

Na zuba gishiri a matakalar da ka zame. Ruwan kwamin shanu yana daskarewa kullum, da gatari nake fasa shi kafin in sha kofi. Karsanarka Junie tana nan ƙalau, cikinta ya fara fitowa. Na san matsayinta a wurinka, tunda ita kaɗai ta rage daga jinin saniyar matarka marigayiya Inna Verla, don haka ita nake fara dubawa.

Iska ta kayar da babban allon kamfe na ɗan takararka na shugaban ƙasa, Alƙali Pruett, ranar Talata. Na sake kafa shi inda ka sa shi, yana kallon tagar kicin ɗin maƙwabcinmu Arlen Boyd. Yana tsaye a nasa ɓangaren shingen lokacin da nake bugun turaku. Ya ce, "Lonnie, matsar da shi hagu kaɗan, yana tare mini rana." Na ce Kawu ne ya auna wurin. Ya ce, "Na sani. Yaya jikinsa?" Na ce da sauƙi.

Ofishin Alƙali sun turo samari uku daga wasu jihohi, suna kwana a falo. Da kuɗinsu suka zo, ba mai biyan su. Babbansu Wyatt ne, ɗan Texas, ya zo da takalmi kamar na zuwa biki, sai da na ara masa naka na roba. Kullum in na gama da shanu ina kai su ƙwanƙwasa ƙofofi a a-kori-kurarka. Suna da kirki, amma ba su san tsayawa ba. A gidan Uwargida Kessler, ta tambaya ko Alƙalin nan ne zai soke tallafin man mota da ake yi da masara. Wyatt ya ce shi ne, ya shiga yi mata bayanin haraji da babban banki da zinariya, ita tana riƙe da ƙofa ɗumin gidanta yana fita. Da ya ja numfashi sai ta dube ni ta ce, "Lonnie, yaron nan ya ci abinci kuwa?"

Mutane suna son jin cewa gwamnati za ta fita daga gonarsu. In an zo kan cewa za ta fita da tallafinta a hannu, sai su fara kallon takalmansu. Haka na gani, ban ce haka ne ba.

Ka ci abin da suka ba ka ko da ba gishiri. Ka huta lafiya.

Ɗanka,
Lonnie

Fort Dodge
17 ga Disamba

Lonnie,

Gaisuwa. Na ga wasiƙarka da baƙar maganar da ke ciki. Ma'aikacin gidan waya ba ya buɗe ambulan, in kuwa ya buɗe zai ƙaru da ilmi.

Saurara da kyau, don ba zan maimaita ba, hannuna yana gajiya. Shekara talatin ina zuwa taron mazaɓa ina zaɓen wanda ya fi sauƙin ƙyama. Bana ne kaɗai aka sami mutumin da ya ce gonar mutum tasa ce, bakinsa nasa ne, abin da ya yi gumi a kai nasa ne. Bana ne kuma na tashi na karya ƙugu. Ka san dokar taron, ba a aika ƙuri'a, sai mutum ya kai jikinsa. Jikina yana nan an ɗaure shi da ƙarfe, wata yarinya sa'ar jikata tana kira na "masoyi" tana ƙirga mini ƙwayoyi. Saboda haka kai ne jikina.

Ranar uku ga Janairu ka je makarantar firamare. Za a ce wa zai yi magana a madadin kowane ɗan takara. Ka miƙe. Bayan nan za a yi ƙuri'a a ƙirga, kowa ya ɗauki hularsa. Wannan ƙuri'ar ta 'yan talabijin ce. KADA KA TASHI. Bayan an watse ne ake zaɓen wakilan da za su je taron gunduma, daga can a zaɓi masu zuwa taron jiha, su ne masu magana a ƙarshe. Tsofaffin jam'iyya ba su fi kowa wayo ba, sun fi kowa iya zama ne. Arlen Boyd bai taɓa barin taro kafin a kashe fitila ba. Da wannan mazaunin nasa ya zauna a hukumar gunduma har aka yanki gonata aka yi titi, aka tuge itatuwan tuffa da Verla ta dasa da hannunta. Ya ce wai amfanin jama'a ne.

Ba na son gaisuwarsa. Ƙofar da ke tsakanin makiyayata da tasa ni na ɗaure ta da waya mai ƙaya a shekarar da aka yi titin, kada hannunka ya kai wurin. Mutumin da ke son a bar shi ya yi rayuwarsa ba ya roƙon maƙwabci ko allura.

Ka ƙara wa Junie dusa. Ka ce wa ɗan Texas ya wanke mini takalmi.

Kawunka,
Merle Hovland

Tilden Grove
5 ga Janairu

Zuwa ga Kawu Merle,

Ina gaishe ka da jiki, ina kuma yi maka barka da sabuwar shekara. Na san ka ga sakamakon jiha a talabijin ɗin falon gidan jinya, Alƙali ya zo na uku. Ga yadda aka yi a namu.

An taru a ɗakin cin abincin 'yan makaranta, manya a kan ƙananan kujeru, gwiwoyinmu a ƙirji. Arlen ne shugaban taro. Su Wyatt ba 'yan jiha ba ne, sai aka tsayar da su a bayan ɗaki, an ce ko tari kada su yi. Wyatt ya rubuta mini jawabi shafi biyu. Da aka kira sunan Alƙali na miƙe, na duba takardar, kalmomin suka yi mini tsawo. Sai na ninke ta na ce, "Kun san ni, kun san kawuna. Yana kwance a Fort Dodge, ya ce in gaya muku Alƙali Pruett ba zai ba ku komai ba, kuma ba zai karɓe muku komai ba. Shi ke nan." Na zauna. Wani a baya ya ce, "To ai Merle ne ya kamata ya tsaya takarar." Aka yi dariya, har da Arlen.

An raba 'yan takardu, aka tara su a kwandon burodi. Ɗan takarar da Arlen ke bi, Gwamnan nan, shi ya ci. Mu ne na biyu, mun fi yadda na zata. Uwargida Kessler ta kama hannuna a hanyar fita ta ce, "Kada ka gaya wa ɗana." Ban san me take nufi ba sai da na ƙirga ƙuri'unmu, ashe Alƙali ta zaɓa.

Sai abin da ka faɗa ya faru daidai. Ana gama sanarwa mutane suka tashi kamar an ce gobara. Har namu, Kawu. Na tsaya a ƙofa ina cewa ku dakata, akwai saura. Wani mai gyaran taya da ya liƙa hoton Alƙali a ko'ina a motarsa ya ce mini, "Ni fa ba mai gaya mini lokacin tashi, shi ya sa nake bin Alƙali." Na koma kujerata.

Aka rage mu bakwai, shida tsofaffin jam'iyya da ni. Suka karanta rahoton taron baya. Suka yi gardama a kan wa zai kawo kofi a taro na gaba. Arlen yana ta kallona ta saman tabarau. Daga baya ya ce, "Ɗan Darlene, ba ka da shanun dubawa?" Na ce na duba su. Ya ce, "Merle ne ya koya maka zama?" Na ce a'a, shanu ne. Ana bukatar wakilai huɗu, biyu daga cikinsu sun ce ba sa iya tuƙi a watan Maris. Ni da Arlen muna cikin huɗun.

Su Wyatt sun tafi jiya, za su bi Alƙali wata jihar. Wyatt ya yi kuka a tashar mai, ya ce ana gab da juyin juya hali. Ya bar mini littafi mai kauri a kan kuɗi, na sa shi ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Gidan ya yi shiru. Na gaji, Kawu, amma irin gajiyar da barci ke maganinta.

Allah ya ƙara sauƙi.

Ɗanka,
Lonnie

Omaha
9 ga Fabrairu

Lonnie ɗana,

Ina gaishe ka, ina fata kana cin abinci mai zafi ba burodi da man gyaɗa kawai ba. Ina rubuto maka ne don in na kira kana cikin shanu, in ka kira ina wurin aiki.

Na je wurin yayana ranar Lahadi. Ya manna wasiƙarka ta taron a bango, duk wanda ya shigo sai ya karanta masa, har mai shara. Ya rame ƙwarai. Likita ta ja ni gefe ta ce ƙashin ba ya haɗewa, kuma zuciyar ba za ta ɗauki wata tiyatar ba. Ba zai koma gona ba, Lonnie. Ba a gaya masa ba, kai ma kada ka gaya masa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana zagin gwamnati, yau ita ke biyan gadon da yake kwance a kai, kuma ya sani. Ina ganin wannan ya fi ƙugun ci masa rai.

Ni ban damu da Alƙalinku ba. Duk wanda ya hau, ƙarfe biyar zan tashi in tafi wanke daɓen asibiti. Amma wannan taron shi ke sa Merle ya buɗe ido da safe, don haka ka je masa. Abin da ba na so shi ne ka kashe kanka kai kaɗai da shanu ashirin saboda girman kan tsofaffi biyu. Arlen da Merle tare suka yi aji ɗaya, Arlen ne babban abokin ango da ya riƙe zobe ranar auren Merle da Verla. Ka je ka ƙwanƙwasa masa ƙofa in kana bukata. Ba sai kawunka ya ji ba.

Ka sa hular da na saƙa maka.

Mahaifiyarka,
Darlene

Tilden Grove
1 ga Maris

Zuwa ga Kawu Merle,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina da magana, ka karanta har ƙarshe kafin ka yi fushi.

An sa taron gunduma ranar Asabar, goma ga wata, a zauren kasuwar baje koli. Za a fara da safe, ba wanda ya san lokacin tashi. Ka ce a lissafinka Junie sai ƙarshen wata za ta haihu. Ni ba na gardama da lissafinka, amma hantsarta ta cika, bayanta ya saki, tana ware kanta daga sauran. Kuma ka san bijiminmu babba ne, ita kuwa ƙaramar karsana ce, haihuwar fari. Na kira likitan dabbobi, ya ce ranar Asabar yana can kudancin gunduma, in da matsala in kira shi ya zo in ya samu hanya. To wa zai ga matsalar ya kira, in ina zaure?

Hanya biyu nake gani. Ko in bar taron, ko in roƙi wani ya leƙa ta. Gidan da ke kusa ɗaya ne, ka san shi. Ba Arlen ba ma, shi yana taro, matarsa ko jikansa.

Akwai kuma wannan. Alƙali bai ci jiha ko ɗaya ba tun Janairu. A gidan mai sun daina tsokanata, wannan ya fi tsokanar ciwo. Wyatt ya aiko saƙo cewa ya koma aikinsa na sayar da na'urar sanyaya ɗaki. Ba cewa nake mu daina ba. Ina dai tambaya ne, kujera ɗaya a taron jiha, ta kai Junie?

Abin da ka ce shi zan yi.

Ɗanka,
Lonnie

Fort Dodge
5 ga Maris

Lonnie,

Na gaishe ka. Karsanar fari jinkiri take yi, ba gaggawa ba. Na karɓi haihuwar shanu tun uwarka tana rarrafe.

Ka ce kujera ɗaya. Da kujera ɗaya aka tuge itatuwan Verla. Ba na jiran Alƙali ya shiga fadar shugaban ƙasa, ni ba ɗan Texas ba ne. Ina so ne sau ɗaya kafin a rufe ni a ce wani daga gidana ya zauna har ƙarshe, ya tafi taron jiha ya ɗaga hannu ya ce a'a. Za su karanta dokoki, su yi gyara a kan gyara, su yi gardama a kan waƙafi, duk don ku gaji ku tafi. Ka tafi da burodinka. Kada ka sha kofi da yawa. In an kira sunanka ba ka cikin zaure, ka faɗi, haka dokar take.

Ba za ka taka gidan Boyd ba. Ba matarsa, ba jikansa, ba karensa. Ka shimfiɗa wa Junie sabuwar ciyawa ka rufe ta a rumfa, za ta jira ka.

Kawunka,
Merle Hovland

Tilden Grove
12 ga Maris

Zuwa ga Kawu Merle,

Ina gaishe ka da jiki. Zan faɗa maka komai yadda ya faru, daga farko, don in na fara da ƙarshe ba za ka karanta sauran ba.

Ranar Asabar da asuba na tarar da Junie a bakin shinge, ta ɗaga wutsiya, ba ta taɓa dusa ba. Na kora ta rumfa. Fitilar kicin ɗin Arlen tana kunne, na ga mutum a taga. Na tsaya a tsakar gida da makullin mota a hannu har yatsuna suka daina ji. Sannan na tafi taro.

Mutanen Alƙali mun kai kashi ɗaya cikin uku da safe. Aka yi addu'a, aka gai da tuta, aka fara abin da ka faɗa. An ɗauki safiya guda ana tantance sunaye. Wani lauya ya nemi a karanta dokokin taro gaba ɗaya, da aka gama ya ce ba a ji a baya ba, a sake. Namu suka fara ihu. Mai gyaran taya ya hau kujera ya ce wannan zalunci ne, ba zai zauna a yi masa wasa da hankali ba, ya fita, mutum goma suka bi shi suna tafa masa. Tsofaffin ko kai ba su ɗaga ba. Wata ma saƙa take yi.

A hutun rana Arlen ya zo ya zauna kusa da ni da farantinsa. Ya ce, "Wa ke wurin jar karsanar?" Na ce tana rumfa. Ya ce, "Ba abin da na tambaye ka ba ke nan." Na ci gaba da cin burodina. Ya ce, "Na gan ta da safe. Yau ce, yaro. Tashi ka tafi gida." Na ce Kawu ya ce in zauna. Ya ce, "Merle ba ya nan." Na ce ai shi ya sa. Kawu, a raina na ɗauka dabara ce. Kujerar ƙarshe ta mazaɓarmu tsakanina da shi ce, kuma kowa ya san shi zai ci in an kaɗa. Amma ka ce ba su da makami sai sa mutum ya tashi.

Aka koma. Aka shiga manufofin jam'iyya ɗaya bayan ɗaya, har da gardama a kan fitilun titi. Dusar ƙanƙara ta fara sauka. Namu suna ta zarewa, mai yara, mai aiki, mai ciwon baya. Arlen yana layin gaba, ni ina bayansa da layi uku. Kowane ɗan lokaci sai ya waiwayo ya dube ni, sannan ya dubi taga. Ni kuma in dubi ƙeyarsa. Ban ji ko kalma ɗaya da aka faɗa ba bayan azahar. Ina ta lissafin ko Junie ta kwanta, ko ƙafa ta fito, ko ɗaya ce ta fito.

Da la'asar sai Arlen ya miƙe. Ya sa hularsa, ya ɗauki rigar sanyi. Mai saƙa ta ce, "Arlen, ba a kai ga zaɓe ba fa." Ya ce, "Na sani, Maxine." Ya wuce ta gefena bai dube ni ba. Har shugaban taro ya manta inda yake karantawa.

Na gane inda za shi. Ba zan ce maka ban gane ba. Na zauna.

Da aka zo kujerarmu aka kira Arlen Boyd sau uku, shiru. Aka kira ni, na ce ga ni. Ba a ma kaɗa ƙuri'a ba. Ni ne wakili zuwa taron jiha a watan Yuni. 'Yan namu da suka rage suka rungume ni, wani yana cewa mun kayar da su.

Na iso gida gab da magariba. Titinmu ya toshe da ƙanƙara, ni ma da ƙafa na ƙarasa, shi ya sa Arlen bai bi ta nan ba. Ta makiyaya ya shigo da taraktarsa. Ya datse wayarka da filaya, ƙofar tana buɗe, sawun taya ya miƙe har rumfa. Na same shi zaune a kan bokiti da farar rigar taronsa, hannu jini har kafaɗa, sarƙar jan maraƙi a ƙasa. Junie tana kwance tana numfashi. Maraƙin ta baya ya zo. Mace ce, ja kamar uwarta. Ba ta zo da rai ba.

Ya ce, "Uwar za ta tashi. Da na zo tun azahar da na fitar da su duka biyun." Ya goge hannu da ciyawa ya ce, "Na zauna ina jiran ka tashi, kai kana jiran in tashi. Shekara saba'in da ɗaya, ina gasar zama da yaro." Na ce sun ba ni kujerar. Ya ce, "To madalla. Ka tafi da matashin zama, kujerun can sun fi waɗannan tauri." Sannan ya ce, "Ni na kai uwar kakar wannan gidan nan a motata, ranar da Verla ta saye ta. Merle ya manta, ni ban manta ba." Na ce zan gaya maka. Ya ce, "Kada ka gaya masa komai. Ka ce barewa ce ta tsinka wayar."

Junie ta miƙe jiya da safe, ta ci dusa. Tana ta kewaya rumfa tana kuka tana shinshina inda 'yar ta kwanta. Ƙasa ta yi tauri, da ƙyar na haƙa rami a bayan rumbu.

Na ji a rediyo Alƙali ya ce ba zai ƙara yawon kamfe ba, amma wakilansa su je su ɗaga hannu. Zan je in ɗaga. Na yi abin da ka ce, Kawu, duka. Ban roƙi kowa ba.

Ƙofar tana nan a buɗe. Akwai sauran waya a rumbu. Ka gaya mini.

Ɗanka,
Lonnie

Fort Dodge
16 ga Maris

Lonnie,

Na gaishe ka. Na karanta sau biyu. Wannan ban manna ta a bango ba.

Lissafina ne ya kashe maraƙar, ba zamanka ba. Ka je Yuni ka ɗaga hannun, an riga an biya kuɗinsa.

Na san abin da likita ta gaya wa uwarka. Kurma ne ni, ba makaho ba. Junie taka ce.

Allon nan, ka matsar da shi hagu kaɗan.

Wayar kuma ka bar ta a rumbu. Barewar za ta iya dawowa.

Kawunka,
Merle